Koyon Magana ga Yaron da Aka Yi wa Dashen Na'urar Ji: Duba ga Ƙasar Guri

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana yadda ƙaramin yaro, wanda aka haifa kurma ko kuwa ya kurumce tun bakinsa bai buɗe ba, yake koyon magana bayan an dasa masa na'urar ji a cikin kunne. Da farko batun yana kama da na likitoci, amma aikin likita yakan ƙare cikin 'yan sa'o'i, sauran aikin kuwa, wanda yake cin shekaru, na iyaye ne da malamai da masana harshe. Za a ɗora bayanin a kan ƙasar Guri ta masarautar Haɗejiya a Jihar Jigawa, domin abin da ya yiwu a ƙauyen da ke cikin fadama, nesa da babban asibiti, ba zai gagara a birni ba.

Hausawa suna da kalmomi biyu, watau kurma da bebe, har sau da yawa akan ɗauka lalurori biyu ne dabam. A haƙiƙa, yawancin waɗanda ake kira bebaye harshensu lafiya lau yake, haka leɓɓansu da maƙogwaronsu. Abin da ya hana su magana shi ne ba su taɓa jin ta ba. Saboda rashin sanin haka ne wasu iyaye kan kai yaro wurin wanzami a yanke masa linzami, ko su zauna jira suna cewa nauyin baki ne, wane ma sai da ya shekara huɗu. Wannan jira shi ne babbar asarar da ake yi, kamar yadda za a gani nan gaba.

2.0 Mafarin Kurumta a Wannan Yanki

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a 2021, ta ƙiyasta cewa yara miliyan 34 ne a duniya suke da raunin ji mai bukatar kulawa, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari na kurumtar yara ana iya kauce mata. Daga cikin abubuwan da ke jawo ta akwai gado, wanda auren zumunci kan fito da shi fili, da doguwar naƙuda, da shawara mai tsanani ga jariri, da ƙyanda, da hangum, da ciwon kunne mai zubar da mugunya, da wasu magunguna masu ƙarfi idan an ba da su barkatai.

A ƙasar Hausa babu kamar sanƙarau. Annobar 1996 ta kama mutane fiye da dubu ɗari a arewacin Nijeriya, ta kashe fiye da dubu goma sha ɗaya, kuma da dama daga waɗanda suka tashi sun tashi ba sa ji. Jigawa tana cikin jihohin da cutar ta sake taɓawa daga ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024, lokacin da Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kariya daga iri biyar na ƙwayar cutar. Sanƙarau yana da wani sharri na musamman. Bayan yaro ya warke, cikin kunnensa yakan soma cikewa da ƙashi, wani lokaci cikin 'yan makwanni, har hanyar da za a zura na'ura ta toshe. Don haka duk yaron da ya tashi daga sanƙarau ya kamata a auna jinsa kafin a sallame shi, ko kuwa jim kaɗan bayan sallama.

3.0 Yadda Kunne Yake Ji da Yadda Na'urar Take Aiki

Sauti girgizar iska ce. Takan shiga ramin kunne ta kaɗa dodon kunne, shi kuma ya motsa wasu 'yan ƙasusuwa uku, su miƙa girgizar ga wani ɗan bututu mai cike da ruwa wanda ya naɗe kamar katantanwa. A nan za a kira shi katantanwar kunne, gama sunan da likitoci suke kiransa ma daga kalmar dodon koɗi ya samo asali. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu gashi, kimanin 3,500 a sahun ciki, waɗanda ke juya girgiza ta koma saƙo, jijiyar ji ta ɗauka zuwa ƙwaƙwalwa. Bakin katantanwar shi ke karɓar siririn sauti irin na s da sh, can ƙuryarta kuma sauti mai kauri irin na m da u. A yawancin kurumta mai tsanani ƙwayoyin nan ne suka mutu, jijiyar kuwa tana nan da ranta. Na'urar ƙara sauti da ake maƙalawa a kunne ba ta wadatar da irin wannan yaro, domin komai ƙarfin kira, babu mai amsawa a ciki.

Na'urar dashe tana tsallake matattun ƙwayoyin ne ta taɓa jijiyar kai tsaye. Kashi biyu ce. Na waje, wanda ake ratayawa a bayan kunne, yana da makirfo da 'yar kwamfuta mai rarraba sauti da batir. Na ciki kuwa likita ne ke binne shi a ƙarƙashin fatar kai, ya zura siririyar waya mai ɗigogin lantarki 12 zuwa 22 cikin katantanwar. Maganaɗisu ne ke riƙe sassan biyu, saƙo yana ratsa fata ba tare da wani rami ba.

An fara gwada taɓa jijiyar ji da lantarki a Faris a 1957, a hannun André Djourno da Charles Eyriès. William House ya yi nasa dashen a Amurka a 1961. Na'ura mai ɗigogi da yawa ta fito daga aikin Ingeborg da Erwin Hochmair a Biyana a 1977, da na Graeme Clark a Ostareliya a 1978. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a dasa wa yara 'yan shekara biyu a 1990, ta sauko zuwa wata 12 a 2000, sa'an nan wata 9 a 2020. Wannan saukowa da ake ta yi tana nuna abin da masana suka gano game da lokaci.

4.0 Muhimmancin Lokaci

Jariri mai ji yakan fara sauraro tun yana ciki, wajen wata na shida. Ran da aka yi sunansa ya riga ya saba da muryar uwarsa da hawa da saukar harshenta. Tsakanin wata shida da goma yakan shiga gwaranci mai gaɓoɓi, ba-ba-ba, da-da-da. Wajen shekara guda yakan kama kalmar farko, kafin ya cika biyu ya fara haɗa kalmomi biyu. Jaririn da ba ya ji shi ma yana kuka, yana dariya, yana 'yan guje-gujen murya a watannin farko, abin da kan ruɗi iyaye. Inda bambanci yake fitowa shi ne gwarancin nan mai gaɓoɓi, wanda kan yi jinkiri ƙwarai.

Eric Lenneberg ya kawo ra'ayi a 1967 cewa koyon harshe yana da ƙayyadadden lokaci a rayuwar ɗan Adam. Binciken da Anu Sharma da abokan aikinta suka buga a 2002 ya nuna cewa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da ji yakan bunƙasa daidai idan sauti ya isa gare shi kafin shekara uku da rabi, bayan shekara bakwai kuwa da wuya ya kamo. Wani babban nazari da John Niparko ya jagoranta a Amurka, wanda aka buga a 2010, ya nuna cewa yaran da aka yi wa dashe kafin wata 18 su ne suka fi kusantar tsararrakinsu masu ji wajen harshe. Dalili kuwa shi ne ƙwaƙwalwa ba ta barin fili ya zauna saura. Idan ji bai zo ya nome nasa ba, gani da taɓawa sukan shiga su shuka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka ne ƙasashe da dama suka ɗauki ƙa'idar auna jin jariri kafin wata ɗaya, tabbatar da lalurar kafin wata uku, da fara taimako kafin wata shida.

5.0 Matakan Ci Gaba Bayan Dashe

A ƙaddara wata yarinya ce a wani ƙauye na Guri, aka yi mata dashe tana da shekara biyu. Ba a kunna na'urar sai rauni ya warke, yawanci bayan mako biyu zuwa huɗu. A ranar da aka kunna, shekarunta na haihuwa biyu ne, amma shekarunta na ji kwana ɗaya ne tak, kuma da wannan ma'auni na biyu ya kamata a riƙa auna ta. Tana iya fashewa da kuka, tana iya fizge na'urar, tana iya yin kamar ba abin da ya faru. Duk ba abin tsoro ba ne, gama sauti bai zama komai a wurinta ba tukuna.

Masanin nan Norman Erber ya kasa sauraro hawa huɗu. Na farko shi ne farga, watau ta san an yi ƙara, ta ɗaga kai idan taɓarya ta faɗa turmi. Na biyu shi ne rarrabewa, ta san kukan akuya dabam yake da kiran salla. Na uku shi ne ganewa, a ce "kifi" ta nuna kifi. Na huɗu shi ne fahimta, a ce ta kai wa Inna ludayi, ta ɗauka ta kai ba tare da an nuna mata ba. Bisa ga al'ada, a watannin farko ake ganin farga da waiwaye idan an kira suna. Gwaranci kan biyo baya cikin 'yan watanni. Kalmomin farko sukan zo tsakanin wata shida da shekara guda bayan kunnawa, haɗa kalmomi kuma a shekara ta biyu. Yara sun bambanta ƙwarai, kuma fahimta kullum tana gaban furuci, saboda haka yarinyar da take aikata abin da aka ce tana kan hanya ko da bakinta bai buɗe ba.

Wajen furuci, wasula da baƙaƙen leɓe irin su b da m sukan riga zuwa, domin ana jin su kuma ana ganin su. Na can cikin baki, da r iri biyu na Hausa, sukan yi jinkiri, kamar yadda suke yi ga yara masu ji a lokacin tsamin baki. Akwai gwaji mai sauƙi da Daniel Ling ya tsara, wanda uwa za ta iya yi kowace safiya: ta tsaya a bayan yarinya ta furta m, u, a, i, sh, s, ɗaya bayan ɗaya, ta ga ko za ta amsa. Sautukan nan shida sun ratsa daga mafi kauri zuwa mafi siriri, kuma dukkansu akwai su a Hausa. Idan yau ta kasa jin s alhali jiya ta ji, to a duba na'ura.

6.0 Abin da Hausa Take Bukata Daga Kunne

A nan ne masanin Hausa yake da abin cewa, domin an gina dabarun sarrafa sauti na na'urar nan ne a ƙasashen da harsunansu ba sa bambanta kalma da karin sauti. Hausa kuwa ta dogara da abubuwa uku waɗanda Ingilishi bai dogara da su haka ba.

Na farko shi ne karin sauti. Wuya na jiki sama-ƙasa ne, wuya ta wahala ƙasa-sama. Kuka na hawaye sama-sama ne, kuka ta miya sama-ƙasa. Kai na lamiri karin sama ne, kai na bisa wuya faɗau ne. Baba mahaifi, da baba uwa ko gwaggo, da baba na rini, baƙaƙensu ɗaya ne. Ɗigogi 22 ba za su yi aikin ƙwayoyi 3,500 ba, kuma inda na'urar ta fi rauni ke nan, watau isar da hawa da saukar murya. Nazarin da aka yi a kan yara masu jin Sinanci, wanda shi ma harshe ne mai karin sauti, ya nuna cewa yaran da aka yi wa dashe suna iya koyon kari, musamman waɗanda aka yi wa da wuri, sai dai a matsakaici ba su kai masu ji ba, kuma hayaniya tana dagula musu ƙwarai.

Na biyu shi ne tsawon wasali da ɗaurin baƙi. Gari na mutane da gari na tuwo karinsu ɗaya, tsawon wasalin farko ne ya raba su, haka dafa abinci da dafa kafaɗa. A nan labarin mai daɗi ne, domin na'urar tana isar da tsawo da gajarta da ƙarfin sauti sosai. Wani abin lura kuma shi ne Hausa takan haɗa kari da tsawo wuri guda a nahawunta. "Ya tafi" na shuɗaɗɗen lokaci yana da dogon wasali da karin sama, "ya tafi" na umurni yana da gajeren wasali da karin ƙasa. Yaron da kari ya kuɓuce masa yana iya kama tsawo, ya gane an ce wane ya riga ya tafi ne ko kuwa ana so ya tafi. Malamin da ya san haka zai fara da irin waɗannan, kafin ya kai ga tagwayen kalmomin da kari kaɗai ya raba.

Na uku shi ne baƙaƙe masu ƙugiya, haɗiyau ɓ da ɗ, da tunkuɗau ƙ da ts. Baki na magana da baƙi na zaure, ko kafa rumfa da ƙafa ta tafiya, bambancinsu a maƙogwaro yake, ido ba ya ganinsa a leɓe. Dole sai an koyar da su ta kunne, a wuri marar hayaniya, a maimaita.

Daga wannan ana iya fahimtar cewa jerin kalmomin gwaji da aka tsara don Ingilishi, ko da an fassara shi, ba zai auna abin da yaron Bahaushe yake bukata ba. Tsara jeri na Hausa, mai kula da kari da tsawo da ƙugiya, aiki ne da ke jiran ɗaliban sassan harsunan Nijeriya na jami'o'i.

Guri kuwa ƙasa ce ta harsuna da yawa. Ban da Hausawa akwai Mangawa da Badawa da Fulani. Manganci da Badanci suna da karin sauti, Fulatanci ba shi da shi, amma yana da tsawon wasali da haɗiyau. Abin da masana suke ba da shawara shi ne iyaye su yi wa yaro harshen da suka fi naƙalta. Uwar da aka ce ta bar harshenta ta koma wanda ba ta iya ba, ƙarshenta sai ta rage magana, alhali yawan maganar ne abincin kunnen yaron.

7.0 Gida, Hanya da Kuɗi

Ba na'ura ke koya wa yaro magana ba, mutanen gidansu ne. Ta wannan fuska gidan Bahaushe yana da arziki: goyo yana sa bakin uwa kusa da kunnen yaro, ga kakanni masu tatsuniya, ga yayye masu wasa. Abin da ake so shi ne na'urar ta kasance a kunne duk lokacin da yaro yake farke, a riƙa gaya masa sunan abin da ake yi, ana daka, ana tankaɗe, ana gyaran kifi, sa'an nan a saurara masa ya mayar. Sai dai akwai al'adu biyu da ke bukatar lura. Ɗaya ita ce kunyar ɗan fari, wadda kan hana uwa kiran sunan ɗanta ko yi masa hira a gaban mutane. Inda haka ta kasance, sai a ba shi laƙabi guda wanda kowa zai riƙa kira, kaka ko gwaggo kuma ta ɗauki nauyin hirar. Ɗayar ita ce hayaniyar tsakar gida da rediyo, wadda ke bukatar a keɓe wa yaro lokacin shiru kowace rana.

Wahalhalun kuwa manya ne. Kuɗin na'ura da aiki miliyoyin naira ne, kuma a 'yan manyan asibitocin birane ake yi. A shekarar farko ana bukatar komawa sau da yawa wurin masanin awon ji domin daidaita ƙarfin kowane ɗigo. Rahoton 2021 da aka ambata ya ce kashi 93 cikin ɗari na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da irin wannan masani ko guda ga kowane mutum miliyan ɗaya. Mutumin Guri sai ya bi ta Haɗejiya ya kai Kano, inda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yake da sashen kunne, ko Kaduna, inda aka kafa Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a 1999. Da damina, idan kogin Haɗejiya ya yi ambaliya kamar yadda ya yi a 2020 da 2022, wasu ƙauyuka sai da kwalekwale. Batir yana son caji kullum, danshin fadama da ƙurar hunturu suna ɓata sashen waje, waya takan tsinke. Ranar da na'ura ta tsaya, yaro ya koma shiru. Saboda haka duk mai niyyar taimako, gwamnati ce ko mai hali, ya lissafa har da kuɗin gyara da mota da koyarwa na shekaru, in ba haka ba ya sayi doki ne bai tanadi harawa ba.

8.0 Matsayin Maganar Hannu

Yawancin kuramen yaran Guri ba za su sami dashe ba, wasu ma bai dace da su ba, amma babu wanda ya kamata ya tashi ba shi da harshe. William Stokoe ya nuna a 1960 cewa maganar hannu cikakken harshe ce mai tsari. A 1991 Laura Petitto da abokiyar aikinta suka nuna cewa jariran da ake yi wa maganar hannu suna gwaranci da hannuwansu a daidai lokacin da masu ji ke yi da baki. Kuramen ƙasar Hausa suna da tasu tun kaka da kakanni, wadda Constanze Schmaling ta nazarta a Kano ta buga littafi a kanta a 2000 mai suna Maganar Hannu. Makarantar Tudun Maliki ta Kano, wadda aka buɗe a 1977, ta yaye kurame da dama. Masana sun yi saɓani a kan yawan maganar hannu da ta dace da yaron da aka yi wa dashe, amma a wurin da gano lalura kan yi jinkiri, gyaran na'ura kuma kan ɗauki makwanni, hikima ita ce yaro ya riƙe biyun. Abin da ke cutar da ƙwaƙwalwa shi ne shekarun da za ta yi ba tare da kowane harshe ba.

9.0 Kammalawa

Abubuwan da wannan bayani ya ɗora wa ma'aikata ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Na farko, rigakafin sanƙarau da ƙyanda ya isa kowane ƙauye, gama rigakafi ya fi magani. Na biyu, a ranar allurar jarirai a riƙa tambayar uwa ko yaro yana firgita da ƙara, ko yana waiwaye, ko ya fara gwaranci, wanda ya kai wata goma bai fara ba a tura shi awo nan take. Na uku, a horar da malaman firamare da ma'aikatan lafiya a kan maganar hannu da hanyoyin koyar da sauraro, a zaunar da yaro mai na'ura a sahun gaba. Dokar hana nuna bambanci ga masu bukata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba irin waɗannan yara haƙƙin ilmi, saura aiwatarwa. Ɗalibai kuma ga fage a buɗe: tattara kalmomin farko na yaran Hausawa, da tsara gwajin ji da harshen Hausa, domin likita da malami su sami ma'aunin da za su san ko yaro yana ci gaba.